Bindigar Gasa a Garin da Ya San Amon Bindiga

Akwai tambayar da in aka yi ta a wata ƙasa hira ce kurum ta masu neman abin rage dare, amma in aka yi ta a wata ƙasar sai wanda aka tambaya ya waiga tukuna ya ga ko akwai mai saurare. Irin wannan ce ƙanena ya jefo mini kwanan baya da na je gida Potiskum hutu. Yaro ne ɗan shekara 19, ya gama sakandare yana jiran sakamakon jarrabawa, ba shi da wani aiki sai riƙon waya. Ya ce, "Yaya, da a ce yau za a sa ka gasar harbi, wacce za ka ɗauka, MP5 ko Uzi?" Ashe kwana uku ke nan shi da abokansa suna wannan gardama a bakin shagon mai cajin waya, domin sun ga wasu Amurkawa a cikin waya suna gudu suna zubar da farantan ƙarfe da waɗannan bindigogi, wani na biye da su yana ƙidaya lokaci.

Mahaifiyarmu tana jinsa daga ɗaki, ta ce kada ta ƙara jin wannan zance a gidanta. Tana da hujja, zan kuwa zo kan hujjarta. Amma ni a ganina bai kamata a sallami yaro da tsawa kaɗai ba, gama abin da aka hana shi tambaya a gida zai je ya tambaya inda ba mu sani ba. Saboda haka na ɗauki tambayar da gaske. Ga abin da na gaya masa, da ƙarin abin da ban sami sukunin gaya masa ba.

Da farko dai sai mu san abin da ake magana a kansa. Waɗannan da yaran ke gardama a kansu ƙananan bindigogi ne masu sarrafa kansu, watau muddin yatsa na kan kunama ba su daina aman wuta ba sai harsashi ya ƙare. Abin da ya raba su da AK-47 da kowa ya sani shi ne, harsashinsu irin na fistol ne, gajere, galibi mai kaurin milimita 9, ba ya cin dogon zango. Jamusawa ne suka fara kai irinta fagen fama cikin 1918, a ƙarshen Yaƙin Duniya na Ɗaya, wadda suka kira MP18. Dalilin ƙera ta kuwa ba ɓoyayye ba ne: sojoji na kwance cikin ramuka, ana son makamin da mutum ɗaya zai faɗa ramin abokan gaba da shi ya share na ciki kafin su ɗaga kai. Ingila ta yi tata, Sten, cikin 1941, mai araha ƙwarai, har tsofaffin sojojinmu da suka yi yaƙin Bama sun riƙe ta. Isra'ila ta fito da Uzi a shekarun 1950, Jamus ta Yamma ta biyo da MP5 a shekarun 1960. Mu ma nan ba a bar mu a baya ba, domin masana'antar makamai ta Kaduna, wadda aka kafa cikin 1964, ta soma aiki ne da ƙera bindigogin kamfanin Beretta na Italiya, har da ƙaramar nan M12. Duk cikinsu babu wadda maƙerinta ya zauna ya ce bari in yi wa 'yan wasa abin wasa.

Gasar kuwa lalle akwai ta, a Amurka. Wurin da ya fi suna shi ne wani filin harbi da ake kira Knob Creek a Jihar Kentaki, inda aka yi shekara da shekaru ana taruwa sau biyu a shekara, Afirilu da Oktoba, har aka yi taron ƙarshe cikin Oktoban 2021. Akan jera farantan ƙarfe nan da can, wanda ya kayar da su duka cikin lokaci mafi ƙanƙanta shi ya ci, akan kuma cusa waɗansu a tsakani waɗanda in ka taɓa an ci ka tara. To, abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne, gwanayen wannan gasa ba su neman bindigar da ta fi sauri. MP5 tana iya fitar da harsashi kamar 800 a minti guda, Uzi kamar 600. In ka yi lissafi, gidan harsashi mai cin 30 zai ƙare cikin daƙiƙa biyu da 'yan kai a ta farko, daƙiƙa uku a ta biyun. Kowane harsashi da ya fita kuwa yana ɗaga bakin bindiga sama kaɗan, kafin na huɗu ko na biyar sai ka ga ya tafi neman tsuntsu. Saboda haka gwani yana son wadda zai iya tsinko harsashi ɗaya ko biyu daga cikinta ya saki kunama. Masu son MP5 hujjarsu ita ce sakatarta a rufe take zaune, harbin farko yakan tafi daidai inda aka auna. Uzi da Sten kuwa sakatarsu a buɗe take jira, ƙarfe ne mai nauyi, sai an ja kunama sa'an nan ya ruga gaba, wannan rugawa kuwa tana girgiza saiti. Masu son Uzi su ce ai nauyinta da rashin gaggawarta su ne ke zaunar da ita a hannu. Gardamar ke nan, ba ta wuce haka ba. Amma a duba inda ta dosa. Duk ƙoƙarin gwanin shi ne ya tilasta wa bindiga mai sarrafa kanta ta yi halin mai harbi ɗai ɗai, tamkar mutumin da ya sayi ingarman doki da tsada, kana ya ƙare kwanakinsa yana koya masa takun jaki.

Ko a Amurkan ma ba wasan talaka ba ne. Tun 1934 doka ta wajabta yi wa irin waɗannan bindigogi rajista da biyan harajin dala 200, sa'an nan wata doka ta 1986 ta hana farar hula mallakar duk wadda aka ƙera bayan 19 ga watan Mayu na shekarar. Tun da yake ba a ƙara sababbi, tsofaffin sai suka zama kamar zinariya, har kuɗin MP5 guda mai rajista ya kai na sabuwar mota. Waɗansu jihohinsu kuwa sun hana sam sam. Duk da wannan tsantseni, cikin Agustan 2014 a wani filin harbi a Jihar Arizona aka ba yarinya 'yar shekara 9 ƙaramar Uzi, bindigar ta fi ƙarfin hannunta, bakin ya ɗaga ya karkace, ta kashe malamin da ke koya mata yana tsaye a gefenta.

Mu dawo gida. Dokar makamai ta Nijeriya ta 1959 ta kasa bindigogi kashi uku. Kashin farko haramtattu ne, a ciki akwai igwa, da bama-bamai, da fistol, da bindigogin soja, da duk masu sarrafa kansu manya da ƙanana. Ba mai riƙe su sai da lasin daga hannun Shugaban Ƙasa, wanda aka kama da ɗaya kuwa ba tare da shi ba ɗaurinsa ba ya gaza shekara 10. Kashi na biyu na Sufeto-Janar na 'yan sanda ne, watau irin su mai baki biyu ta farauta da bindigar iska. Na uku shi ne adaka da danginta masu ɗuri ta baki, wanda aka bar wa Kwamishinan 'yan sanda na jiha. Ashe ke nan a ƙasan nan mutum ɗaya ne tak zai iya shiga gasa da abin da yaran ke gardama a kai, shi ne mai kaki. Shi ma ɗin ba zaɓa yake yi ba, abin da aka miƙo masa daga ɗakin makamai shi zai ɗauka ya sa hannu. Rundunar sojan ƙasa tana da gasarta ta harbi da ƙananan makamai, wadda rundunoni kan kara da juna a cikinta. Cikin watan Maris na 2017, Laftanar-Janar Tukur Buratai, babban hafsan sojan ƙasa na lokacin, ya ɗauke ta ya kai ta tsakiyar dajin Sambisa, wata uku bayan sojoji sun ƙwace babban sansanin Boko Haram da ke can. Wannan gasa kowa ya san saƙo ce aka aika da ita, kofin da aka raba ƙari ne kawai.

Yanzu hujjar mahaifiyarmu. Wanda bai zauna Potiskum tsakanin 2012 da 2015 ba, da wuya ya gane abin da ya sa dattijuwa za ta tsawata wa ɗanta saboda ya ambaci sunan bindiga. Daren Laraba, 2 ga watan Mayu 2012, 'yan bindiga suka afka wa kasuwar shanu, wannan kasuwa da ake ƙidaya ta cikin manyan kasuwannin dabbobi na Afirka ta Yamma, suka kashe mutum fiye da 30, suka cinna wuta har dabbobi suka ƙone a turakunsu. Ranar 6 ga watan Yuli 2013 aka shiga makarantar kwana ta Mamudo, nan kusa da gari, da tsakar dare, aka hallaka mutum fiye da 40, yawancinsu ɗalibai. Cikin Nuwamban 2014, mako guda tsakani, bam ya tashi cikin masu muzaharar Ashura, wani ya tashi a filin taron safe na makarantar kimiyya ta gwamnati. A waɗannan shekaru ni ina karatun difloma, ina zuwa ina komawa, amma ƙanena a gida yake, bai kai shekara 10 ba. Yaran wancan zamani sun koyi rarrabe amo kafin su koyi rarrabe baƙaƙe. Sun san ɗai ɗai ɗin da ke nufin soja ne ke kashedi a shinge, sun kuma san jerin nan mai kama da suyar gugguru wanda ke nufin a kashe fitila a kwanta ƙasa. Wannan amo na biyu shi ne ke fita daga wayar ƙanena yana dariya. Ban ga laifinsa ba, gama ƙuruciya tana da saurin warkewa, mun kuwa gode Allah da ta warke. Amma mahaifiyarmu har yau in tayar tirela ta fashe a kan hanyar Kano sai ta saki abin da ke hannunta.

Duk da haka kada a ɗauka mutanen yankin nan baƙin bindiga ne, ko kuwa ba su san ta ba sai da bala'i. Tun ƙarni na 16 Mai Idris Alooma na Borno yake da 'yan bindiga Turkawa a rundunarsa, kamar yadda limaminsa Ahmad bn Fartuwa ya rubuta, kangon birninsa Gazargamu kuwa yana nan cikin Jihar Yobe ta yau. Ranar hawan Salla muna yara, ba dawaki muke bi ba, 'yan bindiga muke bi, mu toshe kunne mu shaƙi hayaƙin albarushi mu koma gida muna fankama. Harbi kuwa na gaske, wanda ake auna gwaninta da shi, a wajen kawuna na gan shi.

Kawu manomi ne da damina, maharbi da rani, a wani ƙauye kan hanyar Fika. Bindigarsa adaka ce ƙirar maƙerin garinsu, wadda 'yan birni ke yi wa ba'a da suna harbi-ka-ruga. Ɗurinta kaɗai aiki ne, kafin ka sake ɗura ta abin da ka kuskure ya kai wani lardi. Saboda haka duk iliminsa a kan harbi guda ya taru. Yakan yi wuni yana bin sawu, ya zagaya don iska ta bugo fuskarsa, ya rarrafa cikin ƙarangiya, ya kai inda yake so, sa'an nan in bai gamsu ba ya sauke bindiga ya dawo gida hannu wofi, bai kuwa ɗauki wannan a kan hasara ba. In kaka ta yi an kai amfani gida, shi da abokan farautarsa sukan yi tasu gasar. A rataye ƙwallon goruba da zare a reshen aduwa, a ƙirga taku a ja layi da ƙafa, kowa harbi ɗaya. Wanda ya fasa ya ɗauki zakara, wanda ya kuskure ya sha ba'a har wata kakar. Ba alƙali, ba agogo, amma akwai doka wadda ban taɓa ganin an karya ba: mai jiran layi bakin bindigarsa yana kallon sama, yara kuwa suna bayan dattijo mafi tsufa, wanda ya tsallake ya sha dorina. A can na ji Kawu yana koya wa ɗansa cewa a fitar da rabin numfashi a riƙe saura, a kuma lallaɓi kunama kamar mai ɗauke ƙwai daga ƙarƙashin kaza. Da na nuna masa abin da yaran ke kallo a waya, ya daɗe yana dubawa, kana ya miƙo mini ya ce, "Ɗan nan, wannan ai ban-ruwa suke yi."

Irin su Kawu ne ɗaruruwa suka taru a Maiduguri cikin Mayun 2014 suna neman a ba su izini su shiga daji neman 'yan matan Chibok, irinsu ne kuma suka taimaka aka ƙwato Mubi cikin Nuwamban shekarar. Amma sana'ar tasu tana ƙarewa. Dajin ya zama gona, barewa da gada sun yi ƙaura, ko zabon daji sai an sha tafiya. 'Ya'yansu sun gaji ido da haƙuri, ba su gaji abin harbi ba. Wanda bai shiga banga ba ya zo gari yana bin manyan motoci.

To, ga amsata. Da za a sa ni gasar harbi, bindigar iska zan ɗauka. Na san mai karatu zai yi murmushi, ƙanena ma ya yi, domin ya ɗauka abin harbin ƙadangare nake nufi. Amma a wasannin Olimfik, inda duniya ke tantance gwanayenta, babu fanni ko ɗaya da ake harbi da bindiga mai aman wuta jere. Bindigar iska kuwa tana ciki tun wasannin Los Angeles na 1984. Ana tsayawa ne nisan mita 10. Harsashin ɗan guntun dalma ne mai kaurin milimita 4.5, nauyinsa kamar rabin giram. Tsakiyar abin da ake auna kuwa, inda maki 10 yake, ɗigo ne mai faɗin rabin milimita, watau kamar ɗigon da ke ƙarshen wannan jimla. Mutum zai tsaya da ƙafafunsa ba jingina, riƙe da bindigar da nauyinta kan kai kilo biyar, ya yi harbi 60 cikin minti 75, kowanne sai ya ɗura da hannu. Bugun zuciyarsa kaɗai ya isa ya kawar da harsashi daga ɗigon. Abin da malamansu ke koyarwa game da numfashi da kunama, in ka cire Turancin, maganar Kawu ce a gindin aduwa.

Indiya ta isa misali. Zinariya ta farko da mutum guda ya ciyo wa wannan ƙasa a Olimfik da bindigar iska aka ci ta, Abhinav Bindra ne a Beijin cikin 2008. Shi ɗan masu hali ne, a gidansu aka gina masa wurin harbi. Amma bayansa abin ya sauka ƙauyuka, har ɗan wani manomi, Saurabh Chaudhary, ya ci zinariya a wasannin Asiya na 2018 da fistol na iska yana da shekara 16. Yaranmu ma ai sun ga Baturken nan Yusuf Dikeç a wasannin Paris na 2024, mai furfura, hannu ɗaya cikin aljihu, ya ci azurfa kamar mai jiran a kawo masa shayi. Sun yi ta yaɗa hotonsa a Facebook, ba wanda ya gaya musu cewa abin da ke hannunsa iska ce ke tura harsashinsa.

Na san abin da za a ce, domin wani abokin aikina ya riga ya ce mini: a garin da aka sha wannan wuya, ka ce a koya wa yara harbi? Maganar tana da nauyi, ban raina ta ba. Amma waɗanda suka shiga kasuwar shanu da Mamudo ba gwanayen saiti ba ne, ba su kuma bukaci zama gwanaye ba, gama makamin da ke hannunsu an yi shi ne musamman don ya ɗauke wa mai shi wahalar saiti. Yaron da aka saba masa da tsayuwar minti 75 yana lallashin numfashinsa, a gaban malami, bisa dokar da in ya juya bakin bindiga wajen mutum sau ɗaya an kore shi, wani abu dabam ake koya masa. Sha'awar bindiga kuwa tana nan a zukatan samari ko mun so ko mun ƙi, waya tana ƙara hura ta kullum dare. Cikin Yunin 2022 har gwamnatin Zamfara ta ce wa jama'arta kowa ya nemi bindiga ya kare kansa. A irin wannan zamani, gara yaro ya fara sanin bindiga a hannun mai hana shi gaggawa. Ban ce ba ta da haɗari ba. Tana fasa ido, tana iya yin fiye da haka, shi ya sa doka ta sa ta cikin masu lasin, ta kuma hana ba wanda bai kai shekara 17 ba lasin. Wannan daidai ne. Ni ma ba na son a ajiye ta a ɗakin kowa, a kulle ta inda ake wasan, a ƙirga harsashi da safe a ƙirga da yamma.

Abin da ake bukata bai taka kara ya karya ba. Ɗaki ne mai tsawon mita 15 ko kusa da haka, da bango mai kauri, da fitila mai kyau, da bindigogi biyar ko shida. Amonta bai fi tafi ba, maƙwabci ba zai san ana yi ba, balle wata dattijuwa ta saki abin da ke hannunta. Malamai kuwa ga su nan birjik: tsofaffin sojoji da 'yan sanda masu jiran fansho a gindin bishiya, da dattawan maharba irin su Kawu waɗanda za su gane yaro mai ido tun daga yadda ya tsaya. Inda gizo ke saƙa shi ne lasin, domin cikin 2023 rundunar 'yan sanda ta ba da sanarwar dakatar da ba farar hula sabon lasin bindiga saboda yawan makamai a hannun jama'a. Mutum ɗaya ba zai iya wannan hanya ba, sai hukuma ta nema da sunanta, makaman su zauna a hannunta. Takardar kuwa hannu biyu take jira, na Kwamishinan wasanni a Damaturu, da na Sufeto-Janar a Abuja.